Hoton Uwar Da Ta Ba Da Baya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da amincinsa su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Usman, jagoran ƙungiyar iyayen yara. Mai girma Kumandan, mai mulkin yankin nan, da 'yan rakiyarsa. Wakilin mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa. Malam Liman da malaman gari, Allah ya gafarta muku. Sarkin Ruwa da masuntansa, Sarkin Noma da manomansa. Dattawan Gabi da na Sarkin Yamma da suka yi sammako suka taka ƙafa saboda zumunci. Baƙonmu Malam Hassan mai zane, wanda ya taso tun daga Yamai. Iyayenmu mata da ke zaune a inuwar itacen bedi. Abokan aikina malaman lakwal, wato makarantar boko. 'Ya'yana da ke zaune a ƙasa suna ta mutsu-mutsu. Sai kuma a can ƙarshe, domin ƙarshen ne wurinsu, Arɗo Sule da Fulaninsa, bayin kakana: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Arɗo, na ga ka ɗaga sanda. Ajiye ta, yau ranar magana ce, kuma yau ba ni da ƙarfin wasa sosai.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ƙarshen wannan shekarar karatu ta alif ɗari tara da saba'in da bakwai. Ina gode wa shugaba da ya ba ni wuri, ina gode muku da kuka bar gonakinku ana tsakiyar gyara, kuka bar ragar kalli da koma a bakin tabki, kuka zo ku saurari tsohon mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal. Wanda bai san ni ba, ni ne Mushe Kyari, Babarbare ɗan Damagaram, an kawo ni Madarumfa da baƙin gashi, ga shi yanzu furfura ta cinye kan. A garin nan na yi aure, a garin nan na binne ɗa, saboda haka in na yi magana ku ɗauke ta maganar ɗan gida.

Jama'a, ga hotuna biyu a kan teburin nan. Hoton mace ɗaya ne da ɗanta, amma hannu biyu ne suka zana. Kun san an yarda za a buga littafin hotunan da yaranku suka yi, a rubuta shi da Hausa, a raba wa yaran wasu garuruwa. Kafin a tashi daga zaman nan, ku iyayen yara za ku ɗaga hannu ku zaɓi wanda zai shiga littafin a cikin biyun. Ni ba ni da hannun ɗagawa a ƙungiyarku, baki kawai nake da shi. An ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, to zan faɗa muku yadda abin ya faro, da abin da ya same mu a tsakani, da abin da nake roƙo.

Magana ta farko, asalin littafin.

Lokacin da na zo, littattafan da na tarar a akwatin lakwal duk daga ƙetaren teku aka kawo su. Masu kyau ne, ban raina su ba, da su muka koyi karatu. A ciki akwai yaro da rigar sanyi yana dunƙula ƙanƙara, akwai gida mai bututun hayaƙi a ka, akwai kare yana barci a kan gadon mutane. Yara su duba, su yi dariya, su rufe. Wata rana, a shekarar saba'in, Balaraba ɗiyar Malam Alhassan mai gyaran keke, ga ta can yau da goyo, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, mu ba a zana mu ne?"

Na kwana da tambayar, na tashi da ita, har na yanke shawara mu zana kanmu da kanmu. Takarda babu, sai muka roƙi buhunan siminti da aka zazzage, muka yanyanka, muka danne su da dutse har suka miƙe. Launi babu, sai muka daka gawayi, muka jiƙa jar ƙasa, muka samo baba wurin marina, muka ƙwaƙulo bula daga hannun iyayenmu mata, wani yaro ma ya tauna goro ya ce ga nasa jan. Baduku ya ɗinka mana bango na fata bai karɓi komai ba, Allah ya jiƙansa.

Sharaɗi ɗaya na gindaya: ba wanda zai zana gidansu. Kowa gidan abokinsa zai je ya wuni, ya ci abin da suke ci, ya ji abin da suke faɗa, ya dawo ya zana mana abin da idonsa ya gani. Wasunku da ke nan sun ce Babarbare ya zautu, zai koya wa yara yawon gidajen mutane. Na ji, ban yi fushi ba. Balaraba ta je gidan gardi, dogarin Kumandan, ta zano mana matarsa Bazabarma da ɗaurin kallabinta. Wani ya zano Buzun da ke kawo mana gishiri da dabino, rawani ya cinye fuskar sai ido biyu. Wani ya zano Bayaraben da ke sayar da kwanoni a kasuwa yana jayayya da mai saye, baki buɗe har ana ganin haƙora. Da muka haɗa, sai ga garinmu kaf a cikin bangon fata, kowa da kamarsa, kowa abokinsa ne ya zana shi.

Magana ta biyu, yara biyu.

A ajin nan akwai Ado ɗan Audu masunci, ga shi can tsaye jikin ginshiƙi, yanzu yana kwalej a Maraɗi. Akwai kuma Shu'aibu ɗan Adamu, daga rugar da ke hanyar Gabi. Da aka ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya, Arɗo ya duba kaf ya zaɓo wanda ya fi kowa surutu, don kunnensa ya huta. Ranar da aka kawo shi, ɗan mitsitsi da shi, da kitso a ka, ya dubi zanen fuskata ya ce, "Babarbare, ba ka gaishe da ubangidanka ba?" Tun daga ranar ya shiga raina.

Na zaunar da su benci ɗaya. Ado ya toshe hanci wai ƙaurin man shanu, Shu'aibu ya toshe hanci wai ƙarnin kifi. Kafin damina ta faɗi, in ka ga ɗaya to ɗayan yana bayan ƙofa. Ado ya koya masa iyo a kan gora, shi ya koya wa Ado yadda ake kiran saniya ta zo. Inna Indo, uwar Ado, ta san ba ya cin kifi, sai ta riƙa dama masa fura a ƙwaryarsa daban, ba ta taɓa yi masa gori ba.

Shu'aibu ya zano gidan su Ado. Ya zana Audu kwance a kan gora a tsakiyar tabki, da tarwaɗa wadda ta fi Audun girma, ya kuma saka mata tozo, don a ganinsa ba dabbar kirki da ba ta da tozo. A gefe ya zana kansa yana toshe hanci. Ranar nan ajin ya yi dariya har darakta ya leƙo.

Ado kuma ya zano ruga. Ga hoton nan, na hannun dama. Mace ce zaune a kan tabarma, ta juya baya, ba a ganin fuskarta, sai kitso da wuyan riga. A bayanta yaro ne a tsugune. Hannunta ɗaya ya zagayo ta baya yana tura masa ƙwaryar nono. Na ce, Ado, ina fuskar matar? Ya ce, "Mushe, ban taɓa ganin fuskarta ba in yana wurin. Amma dubi hannun."

Na dubi hannun. Ado ya ce mini uwar Shu'aibu ce da Shu'aibun, kuma saman nonon take ba shi, mai maiƙon, sauran yara su sha na ƙasa. Ya ce ba ta kallonsa, ba ta yi masa magana, ba ta kiran sunansa, domin shi ne ɗanta na fari. Da can in tana nemansa sai ta ce wa ƙanensa ya kira wancan. Tun da suka yi abota kuwa sai ta samu abin faɗa, take cewa a kira mata abokin Ado.

Iyayena mata, ku ba sai na fassara muku ba. Inna Indo, kin taɓa kiran sunan babbanki a bainar jama'a? Ga shi kin sunkuyar da kai. Bahaushiya ta san wannan kunya, Bafulatana ta fi ta riƙo. Mun taso mun tarar da ita, ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a gidajenmu akwai zuciyar da ba a ba ta izinin fitowa a fuska ba, sai ta bi ta hannu. Yaro ɗan shekara tara ya gane haka ba wanda ya koya masa.

Magana ta uku, ita ce mai nauyi, ku yi mini haƙuri.

Ba sai na tuna muku shekarun yunwa ba. Kun ga sama ta riƙe ruwa, kun ga tabkin nan ya ja da baya har yara suna wasa inda a da ake jefa koma, kun ga shanu suna faɗuwa a burtali ba mai iya tayar da su. Kun ga mutanen arewa sun gangaro mana, masu raƙuma jiya, yau suna roƙon dusa. Benci ya riƙa raguwa a ajina, yau babu wannan, gobe babu wancan.

Adamu ya zo ya same ni, ya ce zai kora abin da ya rage na shanu kudu, ƙetaren iyaka, kuma ba shi da mai taya shi sai babban ɗansa. Me zan ce wa mutumin da dukiyarsa ke mutuwa a gabansa? Shu'aibu ya zo ya yi mini sallama, ya ce in riƙe masa wurinsa a benci, kada in ba wani Babarbare. Uwarsa, Inna Aisatu, ta zauna a nan da ƙanana. Ranar tafiyar tana daka. An ce mini ba ta ɗago kai ba, ba ta tsayar da taɓarya ba, sai dai ta ɗaura ɗan gari a tsumma ta ajiye a bakin hanya inda zai gani.

Ƙyanda ce ta kama shi a can, a jejin da ba likita ba dangi. Uban ya haƙa da hannunsa ya rufe shi. Ya dawo mana da saniya biyu, da sandar yaron, da malafarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na je ta'aziyya. Mata suna kuka, Inna Indo tana kuka kamar ita ta haife shi, Ado ya faɗi a ƙasa sai da aka ɗauke shi. Inna Aisatu kuwa tana zaune tana wanke ƙwarya, ido a bushe, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ce haƙuri sai ma'aiki. Ba ta san inda kabarinsa yake ba, har gobe ba ta sani ba. Ba ta da hotonsa na mai hoto, wa ke kai ɗan ruga wurin mai hoto? A duk faɗin duniyar nan, wurin da kamannin yaron nan suka rage shi ne littafin nan na buhun siminti.

Bayan an kwana biyu, wata ranar kasuwa, na tashi yara ina share allo, sai ga ta a bakin ƙofa da itace a ka, don lokacin babu nonon sayarwa. Ta ce, "Bawana, ɗauko mini littafin yaran nan in ga ƙaryar da kake koya musu." Na ɗauko. Ta zauna a ƙasa ta buɗe tun daga farko. Ta daɗe a kan Buzu, ta daɗe a kan Bayarabe, ta yi wa tarwaɗa mai tozo tsaki. Da ta iso shafin nan sai ta kau da kai tana kallon taga, amma ba ta juya shafin ba. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Na fita na ba ta wuri. Da na dawo ta rufe, ta ce Ado ya iya hannu, ta ɗauki itacenta.

Tun daga ranar, kusan kowace kasuwa sai ta zo, kuma kullum da zagi take shigowa, don wasan da ke tsakaninmu shi ne ƙofar da ta rage mata. Ku dubi gefen takardar, za ku ga ya yi duhu ya yi santsi. Hannunta ne.

Magana ta huɗu, hoton hagu.

Da aka yarda za a buga littafin, an ba Malam Hassan ya sake fitar da zanen yadda injin zai iya ɗauka. Na rantse ya yi aiki, Allah ya saka masa. Bai taɓa tozon tarwaɗa ba, bai ware wa Buzu rawani ba. A shafin nan kaɗai ya yi gyara: ya juyo da matar, ya yi mata fuska mai murmushi, ya ɗora yaron a cinyarta, aka rubuta a ƙasa wai tana cewa, Shu'aibu, zo ka sha nono. Ya faɗa mini dalilinsa, kuma dalili ne na mai hankali. Ya ce littafin zai je hannun yaran birni da na wasu ƙasashe, za su ga uwa ta ba ɗanta baya, su ce Fulani ba sa son 'ya'yansu. Ya ce littafin abota bai kamata ya jawo wa kowa zagi ba. Malam Hassan, kishin Fulani ne ya sa ka, na shaida, ko da yake ban san abin da ka gani a jikinsu ba.

Amma ina tsoron garin neman gira mu rasa ido. Mun yi littafin nan ne don yaranmu sun gaji da duba takarda ba su ga kansu ba. In muka ce sai mun gyara mutum ya yi kama da na littafin ƙetare kafin a so shi, to wa aka so, shi ko gyaran? Ado bai ce wa Shu'aibu sai ka ci kifi za mu yi abota ba. Shu'aibu bai ce wa Ado sai ka bar gora ka kama sanda ba. Kowa ya toshe hancinsa, suka zauna benci ɗaya, har mutuwa ta raba. In yaron birni ya ga hoton ya tambaya me ya sa ta juya baya, alhamdu lillahi, abin da muke nema ke nan. Malaminsa ya ce masa ya dubi hannun. Wanda ya tambaya zai sani, wanda aka ɓoye wa kuwa zai girma yana zaton kowace uwa irin tasa ce.

Ban tsaya a ra'ayina ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar kasuwar da ta wuce na ajiye mata hotunan biyu. Na hagun ta kalle shi kai tsaye, ido cikin ido, ta daɗe, abin da ba ta taɓa yi wa na daman ba. Nan na san ba ta ga ɗanta a ciki ba. Na karanta mata abin da aka rubuta a ƙasa, sai ta toshe kunne. Sannan ta ce, kuma ranar ba zagi ba wasa:

"Mushe, wannan ba ni ba ce, wannan kuma ba abokin Ado ba ne. Ban taɓa ɗora shi a cinya a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sa ba. In kun juyo da ni, ko shi ba zai gane ni ba. Ku bar ni yadda ya san ni."

Wannan shi ne roƙona, ya shugaba, ya iyayen yara. Ku bar ta yadda ya san ta. Ku bar hoton Ado ya shiga injin da karkatarsa da dabbaren bularsa, a rubuta a ƙasa abin da take faɗa da bakinta: a kira mini abokin Ado. Kuma in an gama bugawa, a dawo da takardar ta asali a ba ta, mu mu riƙe na injin.

Na nemi izininta kafin in yi wannan magana. Ta ce bawa ba shi da kunya, in faɗi abin da na ga dama, ita dai ba za ta zo ba. To ta zo. Tana can ƙarƙashin gawon bakin hanya, cikin masu tallan fura, ta ba mu baya, kuma tana jin duk abin da nake faɗa. Don Allah kada kowa ya waiwaya.

Da safen nan Ado ya je gaishe ta, rabonsa da ita tun da ya tafi Maraɗi. Kullum takan dube shi ta tambaye shi karatu. Yau da ta ji muryarsa sai ta juya masa baya, ta zagayo da hannu, ta tura masa ƙwarya. Saman nonon ne, mai maiƙon. Ya zo ya same ni da ƙwaryar a hannu ya kasa sha. Ado, ɗana, ka sha. Naka ne yanzu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika tabkinmu, ya mayar wa makiyayi abin da ya rasa, ya kiyashe mu da sake ganin irin waɗancan shekaru. Allah ya ba shugabanninmu ikon adalci, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Allah ya raya mana yaran nan, Bahaushe da Bafillace da Buzu da Bazabarme da Babarbare da Bayarabe, ya sa su riƙe juna bayan ba mu. Allah ya jiƙan iyayenmu da bayinsa na gari da ke kwance kewaye da tabkin nan, ya jiƙan yaran da suka bar bencina ba su dawo ba.

Akwai sunan da wata ba za ta iya faɗa ba ko a cikin addu'a. Ni ba kunyarsa nake ji ba, zan faɗa a madadinta, ku kuma ku amsa da ƙarfi yadda za ta ji daga can. Allah ya jiƙan Shu'aibu ɗan Adamu, abokin Ado, ya haskaka kabarinsa a duk jejin da yake, ya haɗa shi da uwarsa a inda za ta dube shi ido da ido.

Amin summa amin. Na gode.